Lamba 105 ta hana ni karin kumallo

Laraba, bayan isha'i.

Ƙarfe bakwai na safe Oga ya kira, wai wasu kwastomomi biyu ba su da intanet tun asuba, alhali allon sa ido na nuna komai lafiya lau. Ko shayi ban kurɓa ba na hau mashin.

Manhajar da ke ciyar da allon nan ni na rubuta ta bara. Aikinta ta buɗe soket na netlink, ƙofar da manhaja ke karɓar saƙo daga zuciyar Linux, ta riƙa sauraron sanarwar da zuciyar Linux ke aikowa duk sanda aka ƙara hanya a teburin hanyoyin da bayanan intanet ke bi, ko aka cire, wato RTM_NEWROUTE da RTM_DELROUTE. Ashe cikin dare haɗinmu na BGP, tsarin da kamfanonin intanet ke musayar hanyoyi da shi, ya yanke ya dawo, hanyoyi sama da 900,000 suka kwararo lokaci guda. Ma'ajin soket ɗin kuwa, inda saƙonni ke jira kafin a karanta su, bayit 212,992 ne, yadda ya zo, ban taɓa ƙara shi ba. Ina zai ɗauka? Ya cika, sauran saƙonni suka zube, har da na ɓacewar hanyar mutanen nan.

Abin kunyar shi ne Linux bai ɓoye min ba. Ya dawo da kuskuren ENOBUFS, mai lamba 105, wato babu sauran wuri a ma'aji. Da na buɗe abin da na rubuta, sai ga layi ɗaya: in an samu kuskure, a wuce kawai. Na daɗe ina kallonsa.

Bayan azahar na zauna na karanta rtmsg_fib, ɓangaren zuciyar Linux da ke haɗa sanarwar nan ya aika. Ko wurin haɗa saƙon ne ya ƙi samuwa, sai ya kira rtnl_set_sk_err, mai isar da kuskuren, kowane mai sauraro ya ji an yi ɓari. Ba ya sake aikowa. Kai ne za ka watsar da teburin da ke hannunka, ka nemi cikakke da saƙon RTM_GETROUTE.

Yaron da ke koyon aiki a wurinmu ya ce, "Yaya, ai akwai NETLINK_NO_ENOBUFS, a kunna a huta." Wato saitin da ke hana 105 fitowa. Na ce masa wannan toshe bakin ɗan aike ne, saƙon dai zai ci gaba da zubewa.

Na ɗaga rmem_max, iyakar girman ma'aji, na ƙara ma'ajin, na sa manhajar ta nemi sabon tebur da zarar ta ga 105. Gobe da asuba zan yanke haɗin da gangan in gwada. Oga ya ce in tashe shi tukuna.