Na gwada sautin wayoyi da iyafis ɗaya

Sana'ata cajin waya da tura karatu da waƙoƙi a mimori, a wani ƙauye kusa da Ringim. Duk yaron da ya sayar da riɗinsa zai tafi Farm Centre a Kano sayen waya, sai ya biyo ta shago: "Yaya, wacce ta fi sauti?" Shi ya sa na nemi izinin masu kawo caji, na riƙa gwada wayoyinsu da iyafis ɗina mai igiya, da dare bayan an kashe janareta.

Karatun Alƙur'ani da kiɗan kalangu na zuba a mimori ɗaya, ina cirewa daga wannan ina sa wa waccan. Daidaita ƙara ne ya fi cin lokaci, domin kunne yana da saurin ruɗuwa, wadda ta fi ƙara sai ka rantse ita ta fi daɗi. Da na rage wa wasu na ƙara wa wasu har suka zo daidai, da ƙyar nake rarrabe Tecno da Infinix da itel, waɗanda dama duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin.

Inda waya ke tona kanta shi ne lokacin da mai karatu ya tsaya jan numfashi tsakanin aya da aya. Wata ƙaramar waya mai madannai, a nan sai ka ji wani "shiii" a ƙasa-ƙasa, kamar ana suyar ƙosai a maƙota. Wannan daga ɗan injin cikinta ne mai mayar da fayil sauti ya kuma ƙara masa ƙarfi, ba gyaran da za a yi masa. Wata kuwa kunne ɗaya take yi, mai ita har ya fitar da rai. Ashe ƙurar hunturu ce ta daskare a ramin. Na kashe ta, na sa tsinke a hankali na fito da dattin, ta dawo garau.

Amma fayil ɗin ya fi wayar tasiri. Karatun da aka naɗa daga lasifika aka yi ta yawo da shi a WhatsApp, ko a wayar Alhaji ka sa shi, muryar a shaƙe take fita. MP3 mai kyau kuwa a waya mai araha, har bugun sandar kalangu a kan fata nake ji.

Abin da ke damuna shi ne wayoyin da ba su da ramin iyafis, salon da ya bazu tun da Apple ya fitar da iPhone 7 a 2016. Sai da adafta, kuma wata adaftar ba kowace waya take karɓa ba. Mu nan igiyar ce eriyar rediyon FM, ba ta cin data, ba ta neman caji. Manomi a gona da ita yake jin labarai.

Yanzu wanda ya tambaye ni, cewa nake ya tafi da iyafis ɗinsa da mimorinsa, ya saurari wurin shirun nan, ya ɗan girgiza bakin igiyar a ramin, ya kunna rediyo ya ji tana kamawa, kafin ya ƙirga kuɗi.