Saƙar adon bango a masaƙarmu ta Marwa

Masaƙarmu tana cikin Marwa, a arewacin Kamaru, ba nisa da babbar kasuwa. Ba tufafi muke saƙawa ba, abin ratayawa a bango muke yi, irin wanda ake ƙawata falo ko zauren baƙi da shi. Iyayenmu masaƙan fari ne da luru, suna jifan ƙoshiya da kunkuru, wato nauyin da ke jan zare, a gabansu, su fitar da sawaye masu faɗin tafin hannu a haɗa a ɗinke. Zare ne ya haɗa aikinmu da nasu, amma hannun ya bambanta.

A saƙar tufafi ƙoshiya takan ratsa daga wannan gefe zuwa wancan a jifa ɗaya. A tamu kowane launi da ɗan ƙwarƙwaronsa, kuma inda zane ya ce ya tsaya, nan zai juya ya koma. Idan raƙumi ake saƙawa a kan rairayi, zaren raƙumin ba ya shiga rairayin, na rairayin ma ba ya shiga raƙumin. Da yatsu ake ɗaga zaren tsaye, a cusa na kwance, a danne shi da matsefi har na tsayen ya ɓace gaba ɗaya. Duk saƙar da ka hango farin zaren tsaye yana leƙowa a cikinta, an yi mata gaggawa.

Kafin a kai nan, sai an zana hoton a takarda daidai girman da za a saƙa, a manna ta a bayan zaren tsaye, masaƙi yana dubawa yana bi. Sai wadari, wato jera zaren tsaye a miƙe shi. Ni da kaina nake yinsa, ba na bar wa yara, domin idan zare ɗaya ya fi ɗan uwansa sassauci, ba za a gane ba sai an sauke aikin, a ga ya karkace kamar bakin tsohuwar tabarma. A lokacin hunturu iska takan busar da auduga ta riƙa tsinkewa, shi ya sa muke yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin da safe.

Wurin da gwaninta take fitowa shi ne mahaɗar launi biyu. Idan kowanne ya juya a nasa zaren, tsaga za ta fito tsakaninsu. Gajeriyar tsaga ba laifi, takan ma fito da zane sarai. Doguwa kuwa nauyin saƙar zai buɗe ta a bango, don haka ko a sarƙe zarurrukan biyu tun ana saƙa, ko a bi da allura ta baya. Na fi son sarƙewa duk da cin lokacinta. Layi mai lanƙwasa ma wahala ne, domin a masaƙa komai mataki-mataki yake hawa. Wuyan raƙumi kaɗai yakan cinye wa sabon yaro yini guda, a ƙarshe a warware.

Auduga dai ba ma kukanta. Ƙasar nan ta auduga ce, kamfanin auduga na Sodecoton da aka kafa a 1974 yana Garwa, kuma har yanzu akwai tsofaffin mata a ƙauyuka da ke gurza, su shiɓa, su kaɗa abawa da mazari. Abawar hannu ba ta fita sumul, wani wuri kauri wani wuri siriri, kuma wannan ne ke ba saƙa jiki. Zaren tsaye kuwa na inji muke saye, ya fi jure ja. Shuɗi rinin baba ne. Ja da ruwan ɗorawa na kanti muke amfani da su, saboda na gargajiyar ba sa jure hasken garin nan a jikin auduga.

Wasu na zaton sana'ar ta Turawa ce kaɗai, saboda sunan da garin Obuson na Faransa ya yi, wanda UNESCO ta sa saƙarsa cikin kayan gadon duniya a 2009. Amma Senegal na da masaƙar irin wannan a garin Ciyes tun 1966, zamanin Shugaba Senghor, da zanen 'yan ƙasa.

A da Turawa masu zuwa gandun dajin Waza da duwatsun Rumsiki su ne masu sayenmu. Giwa da raƙumin dawa da bukkoki suke so. Tun da aka sace wani iyalin Faransawa kusa da Waza a Fabrairun 2013, ƙafarsu ta ɗauke, mutane da dama suka naɗe masaƙa suka koma acaɓa. Mu da muka rage sai muka juyo ga mutanen gida, kuma hakan ya sauya zanen kansa. Alhazan Marwa da Garwa da 'yan kasuwar Kusiri da Injamena ba sa son hoton mai rai a ɗakin da ake salla. Dagi suke so, da hasumiyar masallaci, da zayyana irin ta allo. A ganina saƙarmu ta fi kyau yanzu, domin zayyana ta fi dacewa da tafiyar zare.

Ciniki ne dai har gobe da sauran aiki. Hajiya za ta shafa, ta juya bayan, ta ce, "Malam, ai na ga irinsa a kasuwa, bai kai rabin wannan ba." Sai in ce, "Hajiya, wancan bugawa aka yi a kan yadi, dubi bayansa fari ne. Wannan kuwa zanen ya ratsa har baya." Mafi yawan kuɗin na zaman masaƙi ne, makonni a kan abu ɗaya, shi ya sa ba ma ɗora wadari sai an ba da rabin kuɗi.

Wanda ya saya nakan ɗinka masa aljihu a sama ya zura sanda, kada ya kafa ƙusa a jikin saƙar. Kada ya rataye ta inda rana ke bugawa, kada kuma ta shiga ruwan wanki. Idan ƙurar hunturu ta hau, a sauke a kakkaɓe ta baya.