Ranar da oga ya wanke ni a mitin

Ina shekara ta biyu da fara aiki aka ba ni haɗa rahoton ƙarshen wata, na yi kwana biyu a kai, ashe akwai layi ɗaya da na sa lissafin watan baya ban lura ba. Ana cikin mitin oga ya ɗago ya ce "wa ya haɗa wannan?" sannan ya wanke ni tas a gaban mutum tara. Maganganunsa ma yanzu na manta rabinsu, abin da ban manta ba shi ne yadda kunnuwana suka ɗau zafi, hannuna na rawa na tura shi ƙarƙashin tebur, ina ta buɗe biro ina rufewa kamar shi ya yi laifin.

Da na koma kujerata ba abin da ke yawo a kaina sai "ni dama ban iya komai ba, aikin nan ya fi ƙarfina". Wallahi har na buɗe kwamfuta na fara rubuta takardar ajiye aiki. Wata Anti da ta girme mu duka a ofis ɗin ta leƙo ta karanta layin farko, ta ce "ƙanena lafiya?" na ce Anti ni kam na gaza. Ta ce "kai ne ka gaza ko kunya ce ta kama ka? Bar ta nan sai Alhamis, in har lokacin kana so ni da kaina zan kai maka."

A lokacin haushinta ma na ji. Amma tambayar ta zauna mini, don in ka duba haka muke magana tun asali, tsoro ya kama ni, raina ya ɓaci, zuciya ta ɗebe ni. Abu ne ya zo ya kama ka, kuma abin da ya kama ka zai iya sakinka. Mu ne muke juya shi ya koma "ni matsoraci ne", "ni dama mai zuciya ne", sai a ɗora da hali zanen dutse a rufe magana, alhali abin da aka ji na awa uku ne aka mayar da shi hali.

Daga baya na ci karo da binciken Matthew Lieberman na jami'ar California da ke Los Angeles, na 2007. An sa mutane a injin hoton ƙwaƙwalwa ana nuna musu fuskoki masu fushi ko tsoro, duk sanda suka zaɓi kalmar da ta dace da abin da ke fuskar sai ɓangaren da ke ƙararrawar haɗari, amigdala, ya lafa. Kiran abu da sunansa kawai fa. Wani kuma da aka yi a jami'ar Leuven ta Beljiyam da ɗalibai 233, an auna irin ji 27, baƙin ciki ya fi kowanne daɗewa, kunya da tsoro na cikin masu saurin wucewa, kuma nanata abu a rai na cikin manyan abubuwan da ke sa ji ya daɗe. Wato kunyar mitin da tuni ta tafi, ni ne nake ta sake kunna ta kamar kaset.

Sai na fara wata 'yar dabara, in abu ya taso na rubuta a waya da lokaci: 10:20 kunya, ƙirji ya yi nauyi. 12:00 haushi, ina ta shirya amsar da ban bayar ba. 3:00 yunwa. Ranar da na ga "yunwa" a jerin dariya na yi ni kaɗai. Ba ya hana jin zafin, kar wani ya ce na faɗa, kawai dai na daina yanke hukunci ina tsakiyar abin, ba imel ba takarda sai ya lafa. Kuma in damuwa ta yi sati biyu ba sassauci, ba barci ba cin abinci, wannan ta wuce rubutu a waya, a ga likita.

Kuskuren rahoton minti goma ya ɗauke ni gyarawa. Ranar Alhamis Anti ta tsaya a kaina ta miƙo hannu ta ce "ina takardar?" sai da na yi jim kafin na gane wacce take nufi, don lokacin firinta ce ta cinye mini takardu ina ta fama da ita.