Kafin a kwance noti ko ɗaya

A shagona akwai doka guda da duk yaron da ya zo koyon aiki yake fara haddacewa tun bai san bambancin RAM da furosesa ba. Kwamfutar da aka kawo don a ƙara mata ƙarfi, muddin tana kamawa, ba a kwance mata noti ko ɗaya sai an kunna ta an duba irin lasisin Windows ɗin da ke kanta. A littafin da muke rubuta kayan da suka shigo, bayan sunan mai kaya da lambar injin da abin da ke damunsa, akwai gida na huɗu da na rubuta wa "lasisi" da jan biro. Idan na buɗe littafin na ga gidan nan fayau, to a wurina aikin bai fara ba.

Shagon ƙarami ne, a Kano, ta wajen titin Beirut inda ake hada-hadar kwamfutoci. Ni ne da yara uku. Muna gyara, muna sayar da na hannu waɗanda ake ce wa 'yan Beljiyam, muna kuma haɗa na tebur ga masu zanen gine-gine da masu haɗa bidiyo da shagunan buga takardu. Yawancin abin da ake kawo mana ba ya wuce "ta yi nauyi", "tana zafi", "wuta ta ƙona ta". Maganar lasisi kuwa da wuya mai kaya ya ɗauko ta da bakinsa, domin ba abu ne da ake gani ko a taɓa ba. Amma dukiya ce, an biya kuɗinta, kuma tana iya salwanta a kan teburin mai gyara cikin minti goma.

A 2017 na koyi wannan. Wani dattijo mai zanen gine-gine ya kawo kwamfutarsa ta tebur, wadda ya saya sabuwa a kwali, ya ce AutoCAD ya fara yi mata nauyi. Na duba na ce masa, "Injiniya, gaskiya ƙarin RAM ba zai kai ka inda kake so ba. Mu canza modabod da furosesa, mu bar maka had dis ɗinka da duk zanenka a ciki." Ya amince. Don kuɗin ya yi masa sauƙi na karɓi tsohon bod ɗin a musaya, kuma a cikin satin na sa shi a wani inji na sayar wa wani matafiyi da ban ma riƙe lambarsa ba. Aiki ya yi kyau, inji na gudu, ya biya ya tafi yana sa albarka.

Bayan kwana uku sai ga shi da injin a bayan mota. Muka jona, ya nuna min ƙasan allo ta gefen dama, inda wani rubutu dishi-dishi yake cewa a je a tabbatar da lasisin Windows. Ya ce, "Malam, Windows ɗina na asali ne, da kuɗina na saye shi tare da injin. Ina ya tafi?" Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi min ciwo. Na shiga saitin na ga lambar matsala 0xC004F211, wadda ma'anarta ita ce kayan cikin injin sun canza. A nan na gane cewa lasisinsa yana cikin tsohon bod ɗin, wato modabod, babban falankin da duk kayan injin suke haɗe a kansa, kuma bod ɗin ya bar Kano. Windows ba ya daina aiki don ba a tabbatar da shi ba, rubutun nan ne zai zauna a allo, a kuma hana ka canza hoton fuska da launuka. Amma mutumin da ke nuna wa masu gida zane a wannan allon ba zai zauna da shi ba, kuma yana da gaskiya. Na saya masa sabon lasisi na Pro, wato nau'in Windows na masu aiki, daga aljihuna, kusan dala 200. Ribar aikin ta tafi, ta ja ta wasu ayyukan biyu.

Irin lasisin da Injiniya yake da shi ana ce masa OEM. Shi ne wanda kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo, yake saye da yawa a wurin Microsoft ya sa a injin tun daga masana'anta. Yana da araha saboda sharaɗi ɗaya: na wannan injin ne har ya mutu, ba a ɗauke shi a kai wani. Kuma abin da ake ɗauka a matsayin "injin" shi ne modabod. A zamanin Windows 7 makullin, wato haruffa da lambobi 25 a rukuni biyar-biyar, yana kan wata sitika mai ƙyalli a ƙasan laftof ko a ramin batir, sai ka ga zafi da gumin cinya sun goge rabinsa. Daga Windows 8, a 2012, aka daina buga shi a sitika, aka koma dasa shi a cikin BIOS, wato 'yar manhajar da ke zaune a bod ɗin kansa. Shi ya sa sabon inji yake tabbatar da kansa ba tare da an rubuta komai ba, shi ya sa kuma idan bod ya tafi, makullin ya bi shi.

Wanda ake ce wa Retail shi ne wanda mutum ya saya daban, a kwali ko a shafin Microsoft. Ya fi tsada, dala 139 na Home, wato nau'in gida, kusan dala 200 na Pro, amma naka ne kai, ba na ƙarfen ba. Kana iya cire shi daga wannan inji ka kai wancan, muddin a inji ɗaya yake aiki a lokaci guda. Mai irin wannan ba shi da fargabar canjin bod, makullinsa kawai zai adana. A kasuwarmu dai ba kasafai nake cin karo da shi ba.

Wanda ya cika mana kasuwa shi ne na uku, Volume, kuma a nan rikicin yake. An yi shi ne don manyan ma'aikatu da jami'o'i da bankuna masu ɗaruruwan kwamfutoci. Wani nau'insa, MAK, makulli ɗaya ne da aka ƙayyade masa adadin injinan da zai iya tabbatarwa, idan adadin ya cika shi ke nan. Ɗaya nau'in, KMS, ma'aikatar ce take ajiye uwar garke, wato babbar kwamfuta mai ba sauran izini, a cikin gidanta, kowace kwamfuta tana leƙa ta duk bayan kwana bakwai don sabunta izini, kuma izinin ba ya wuce kwana 180. Sai ma an sami aƙalla kwamfutoci 25 kafin uwar garken ta fara bayarwa. To ka ɗauki laftof ɗin da ta yi aiki a wani ofis a Jamus ko Ingila, aka sallame ta, ta bi kwantena zuwa Legas, ta hau mota zuwa Kano. Ina za ta ga uwar garkenta? Wata shida na cika sai rubutun nan ya fito. Mafi yawan KMS da nake gani ma ba daga wata ma'aikata suka fito ba, wata 'yar manhaja ce ake sa wa a injin ta yi shigar burtu a matsayin uwar garke tana sabunta ƙaryar. Zanen aro ne, ba ya rufe katara. Ban da haka, kafin a sa irin wannan manhaja sai an kashe garkuwar kwamfutar, kuma na sha tsintar abubuwan da suka shigo ta wannan ƙofa a injinan da ake shiga asusun banki da su.

Duba irin lasisin bai fi minti biyu ba. Ana buɗe baƙin allon nan na cmd a rubuta slmgr /dli a danna. Wani ɗan akwati zai fito, a layi na biyu za ka ga OEM_DM, ko RETAIL, ko VOLUME_MAK, ko VOLUME_KMSCLIENT, a ƙasa kuma haruffa biyar na ƙarshen makullin. Idan ka rubuta slmgr /xpr zai faɗa maka ko tabbatarwar ta dindindin ce ko tana da ranar ƙarewa. Ranar ƙarewa na fitowa ka san KMS ne. Ina sa yara su ɗauki hoton akwatin da waya kafin su rufe, su tura wa mai kaya ta WhatsApp, don ya zama shaida a tsakaninmu.

Sai dai akwai tarko a kalmar RETAIL, kuma har masu gyara da suka daɗe suna faɗawa. Lokacin da Windows 10 ya fito, ranar 29 ga Yuli, 2015, Microsoft ta ba masu Windows 7 da 8.1 damar hawa kyauta. Waɗanda suka hau ba a ba su makulli nasu na kansu ba, sai aka rubuta siffar injinsu a rumbun Microsoft, abin da ake kira lasisin dijital, aka sa musu makullin gama-gari wanda kowa irinsa yake da shi. Irin waɗannan injina sukan nuna RETAIL ko da asalinsu OEM ne. Abin da ke tona su shi ne haruffan ƙarshe: 3V66T a Pro, 8HVX7 a Home. Da na ga ɗaya daga cikinsu ba na yarda da kalmar RETAIL, sai in tambayi mai kaya tarihin injin. Da wane Windows ya zo? Ka taɓa sayen lasisi daban? Ina rasit ko saƙon imel ɗin? Kwafe wannan makullin gama-gari a takarda ba shi da wani amfani, ba zai tabbatar da komai a sabon bod ba. Kuma tun watan Satumba na 2023 aka rufe hanyar amfani da makullan Windows 7 da 8 wajen tabbatar da 10 ko 11, don haka tsohuwar sitikar ma ba ta ceto yanzu.

Ba kowane canji ne yake taɓa lasisi ba, kuma ba na son a tsorata mutane a banza. Ƙarin RAM, ko cire had dis a sa SSD, ko sa katin hoto, duk muna yin su kullum lafiya lau. Bod ne matsalar. Idan za mu taɓa shi, kuma lasisin dijital ne, sai mu fara haɗa shi da asusun Microsoft na mai kaya, nasa na kansa, ba na shago ba. Ina zaunar da shi ya rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa, ni in juya baya. Tun 2016 aka samar da wannan hanya, bayan canji sai a shiga wurin warware matsalar tabbatarwa a zaɓi cewa an canza kayan injin kwanan nan. Ga mai asalin Retail tana aiki. Ga mai OEM na taɓa ganin ta wuce, na kuma ga ta ƙi, don haka ba na yi wa kowa alkawari a kanta, kuɗin sabon lasisi nake sawa a lissafi tun farko. Dole kuma Home ya koma Home, Pro ya koma Pro.

A wannan zaman ne muke duba BitLocker, manhajar Windows mai kulle faifan ajiya, tunda an riga an buɗe injin. Laftof da yawa yanzu suna zuwa da faifansu a kulle ba tare da masu su sun sani ba, kuma mabuɗin yana ɗaure da TPM, wani guntun tsaro da ke kan bod. Canza bod ba tare da an ajiye lambobin ceto guda 48 ba, asarar ta wuce ta lasisi, fayilolin ne gaba ɗaya.

Tun da aka tsayar da 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, aikin canjin bod ya ƙaru a wurinmu, domin Windows 11 yana neman TPM 2.0 da furosesa, idan ta Intel ce, daga ƙarni (wato zubin ƙira) na 8 zuwa sama. Masu ƙarni na 4 da na 6, waɗanda su ne suka fi yawa a shagunan buga takardu, sai sun sauya. Da yawa idan na ambaci kuɗin lasisi sai su ce, "Haba Malam, ga can ana sayar da makulli kuɗin katin waya." Na san ana sayarwa. Galibi MAK ne da aka fitar daga wata ma'aikata ake rarrabawa, yau ya yi aiki, ranar da aka toshe shi ko aka sake loda Windows ya ƙi, kuma a lokacin ni za a dawo wa, ba mai sayarwar ba. Ba na sayar da shi. Wanda ba shi da hali, kuma aikinsa bai wuce rubutu da intanet ba, nakan ba shi shawarar Linux Mint, kyauta ne kuma halal, wasu sun karɓa sun zauna da shi. Wanda ya ce shi dai a sa masa na bogi, ina ba shi haƙuri in miƙa masa injinsa. Na rasa kwastomomi a kan haka, na sani.

Akwai kuma ranakun da binciken yake zuwa da albishir. Kwanakin baya wata Hajiya mai makarantar koyon kwamfuta ta kawo laftof shida 'yan Beljiyam, ThinkPad duka, tana son a sa musu SSD. Duk shidan suka nuna VOLUME_KMSCLIENT, makullin yana ƙarewa da T83GX. Har na fara lissafa mata kuɗin lasisi shida, sai ƙaramin yarona ya ce, "Oga, bari in leƙa BIOS ɗin tukuna." Ya rubuta umarnin da ke fito da OA3xOriginalProductKey, sai ga haruffa 25 reras. Injinan ofis ne, irin masu zuwa da lasisin Pro na asali a dashe a bod tun daga masana'anta, wanda ya sayar mata ne ya ɗora musu Windows ɗin bogi a kai don ya fi masa sauri. Muka sa SSD, muka loda tsaftataccen Windows daga filashin da muka haɗa a shafin Microsoft, muka jona intanet. Biyar suka tabbatar da kansu ba a rubuta ko harafi ba. Ta shidan ba ta fito da komai ba, da muka buɗe ta muka ga alamar an taɓa canza mata bod.

Na kira ta na ce, "Hajiya, lasisi ɗaya za ki saya, ba shida ba." Ta yi shiru, sannan ta ce in maimaita. Na maimaita, na kuma ce a turo direba bayan La'asar. Yaron ya jawo littafi ya cike gida na huɗu: OEM sau biyar, na shida ya rubuta "babu, an sanar da mai kaya".