Buhun yashi arba'in da na jera da hannuna

Makon jiya na miƙa makullai da littafin tikiti, bayan shekara huɗu ina kula da wani ɗan dam na shaƙatawa a bayan garin Kano. Ba sai na kama suna ba. Duk wanda ya taɓa kai yara yawon Sallah ya san irinsa: ganuwar jar ƙasa da aka tare rafi da ita, kwale-kwale uku, lilo, da mai tsire a bakin ƙofa.

A shekarar da Babbar Sallah ta faɗo cikin marka, Alhaji mai wurin ya zo zagaye, ya ga kututturai sun leƙo a inda kwale-kwale ke juyawa. Ya ce a jera buhunan yashi a mafitar ruwa don dam ya ƙara cika. Na ce, "Ranka ya daɗe, nan ne fa hanyar da rarar ruwa ke bi." Ya kalle ni ya ce, "Injiniya, kwana uku ne kawai. Ko kai za ka biya albashi?" Ba ya kirana injiniya sai in zai yi mini ba'a, don ya san difloma ce da ni. Na yi shiru. Buhu arba'in muka jera, ni da yara biyu. Sallah ta wuce, ciniki ya yi kyau, kwana uku suka zama mako uku.

Maigadinmu, wani tsoho, shi ne ya fara gani. Wata safiya ya ja ni bayan ganuwa, wajen da ruwa ya saba tsattsafowa. Ya kamfato shi a tafin hannu ya ce, "Ɗana, da wannan ruwan garai-garai yake fita. Duba yau." Ja ne, kamar an dama kunun kanwa. Na ce, "Baba, ai damina ce, ko'ina laka." Wannan maganar ta fi jera buhunan yi mini ciwo har yau, domin a aji an koya mana abin. Kusan kowane dam na ƙasa yana ɗan yoyo, kuma in ruwan na fita tas, sai dai a sa masa ido. In ya fito da laka, to cikin ganuwar yake kwasowa, yana haƙa wa kansa hanya a inda ido ba ya gani. Ƙarin ruwan da muka tara shi ya ƙara masa ƙarfin turi. Na sani sarai. Tsoron kiran Alhaji a waya ne ya sa na ƙaryata tsoho.

Kwana biyar bayan nan aka kwana ana sheƙa ruwa. Kafin asuba ya haura ganuwa ta wajen da ta fi ƙasa, kuma jar ƙasa ba ta jure ruwan da ke bi ta kanta, yanka ta yake kamar wuƙa a sabulu. Da tocila a baki muka shiga muna yaga buhunan. Allah Ya taƙaita, ba a rasa rai ba, ganuwar ma ba ta ɓalle gaba ɗaya ba. Amma masarar mutanen da ke ƙasa da mu ta kwanta, awaki sun tafi, katangar gida biyu ta zube. A gaban dagaci Alhaji ya dafa ƙirji ya ce shi bai taɓa sanin an toshe wani wuri ba, aikin yaron nan ne. Wata shida ana yankar albashina.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a shekara huɗun nan masu haraji sun zo, duba-gari sun leƙa kicin da banɗaki, amma ban taɓa ganin wanda ya zo da takarda ya taka ganuwar ya duba ta ba. Manyan dam irin Tiga da Challawa suna da injiniyoyin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta fi shafar ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya, ita kuma dokar tantance illa ga muhalli ta 1992, dam mai faɗin hekta 200 zuwa sama ta tilasta wa bincike. Namu ko hekta biyar bai kai ba. Irinsa ba shi da mai duba sai imanin mai shi. Alhali mu Kanawa ba baƙin wannan masifa ba ne: madatsar ruwan Bagauda ta ɓalle a Agustan 1988, kuma kowa ya ga yadda madatsar Alau ta yi da Maiduguri a Satumban 2024. Waɗancan ma na gwamnati ne.

Sauran darussan gajeru ne. Umarnin da ya shafi ruwa, a turo maka shi a rubuce, ko da ta WhatsApp ne. Kada ka bar bishiya ta girma a jikin ganuwa don inuwar baƙi, saiwarta in ta ruɓe bututu ce. Suri da ramin gafiya ma haka. Ka kafa sanda mai alama a ruwa, ka rubuta tsayinsa kowace safiya. Ka riƙe lambar mai unguwar da ke ƙasa da kai. Rigar kariya kuwa, tun bayan kifewar jirgin Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, wanda ya ci ɗaliban Islamiyya, ban sake barin yaro ya hau kwale-kwale babu ita ba, duk da Alhaji na ƙorafin layi na tsawo. Ba a taɓa tsamo gawa a wurin ina nan ba, wannan kam ina iya faɗa ko'ina.

Wanda ya gaje ni ɗan ƙanwar Alhaji ne. Na bar masa littafin awon ruwa, na kai shi wajen Baba maigadi na ce ya riƙa jin maganarsa. Da zan fita na hango tulin sababbin buhuna a bayan sito. Na tambaya, aka ce na gyaran hanya ne.