Hanyar iska a kwamfutar wasa mai sauƙin kuɗi

A wannan sana'a tamu ta haɗa kwamfuta, ƙorafin zafi ba ya yankewa. Za a kawo inji a ce wasa na tafiya lafiya na ɗan lokaci, can sai hoto ya fara tsinkewa, fanka na kuka kamar za ta tashi sama. Yawanci mai kayan ya riga ya yanke hukunci tun daga gida, wai a sa masa babbar na'urar sanyaya farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Mu kuwa akwatin muke fara dubawa, domin komai girman ƙarfen sanyayawa, da iskar da ke cikin akwati yake aiki. In iskar nan mai zafi ce, an yi asarar kuɗi.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. A buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kayan ciki, a kunna wasa mai nauyi na minti 20, a rubuta zafin farosesa da na katin hoto. Sai a cire murfin gefe a maimaita. Idan zafi ya faɗi sosai, akwati ne ke shaƙe kayan. Idan bai motsa ba kuma farosesa na nan da zafinta, laifin yana wajen zaman ƙarfen ko man da ake shafawa tsakaninsa da farosesa.

Akwatunan araha da yawa an yi su ne don ido. Gaba gilashi ne ko roba a rufe ruf, fanka uku masu fitila na juyawa a bayansa, amma kafar da za su ja iska ba ta wuce 'yar tsaga a gefe ba. Irin wannan ko ka cika shi da fankoki ba zai numfasa ba. Akwati mai raga a gaba da fanka uku ya fi mai gilashi da fanka shida, kuma shi muke ba mai ƙaramin kuɗi shawara ya ɗauka, ko da bai kai ɗayan kyau ba.

Tsarin da ya ishi yawancin irin waɗannan injuna shi ne fanka biyu a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Masu milimita 120 sun yi, in akwati na karɓar masu 140 a gaba sun fi, saboda suna tura iska daidai da waɗancan ba tare da sun yi gudu sosai ba, ƙara ta ragu ke nan. Ana so shigowa ta ɗan fi fita. Ta haka ragowar iska ke turo kanta waje ta tsagogi, ƙura kuma ba ta samun hanya sai ta matatar gaba. In fita ta rinjaya, akwati ya riƙa zuƙar ƙura ta kowace kafa da ba ta da matata.

Juya fanka baibai kuskure ne da har tsofaffin hannu kan yi. Ɓangaren da ke da sanduna masu riƙe da mota, inda waya ta fito, can iska ke fita. Wasu fankokin suna da 'yan kibiyoyi biyu a gefen firam, ɗaya na nuna juyawa, ɗaya na nuna hanyar iska. In babu, a kanga 'yar takarda a gabanta a ga inda za ta karkata. Sai maganar fankar sama. In za a sa, ta zauna can baya kusa da mai fitarwa. Wadda aka ɗaura a sama ta gaba tana kwashe iska mai sanyi tun ba ta kai ga farosesa ba.

Mutane kan manta cewa a kwamfutar wasa katin hoto ne babban murhu. RTX 3060 na cin wat 170, RX 6600 na cin 132, RTX 4060 kuwa 115, kuma kusan duk wannan zafin a cikin akwati yake zubar da shi, daga ƙasan inda farosesa take kaɗan. Shi ya sa muke daidaita fankar gaba ta ƙasa ta hura kai tsaye ƙarƙashin katin, mu kuma kawar da wayoyi da kejin hadis (faifan ajiyar bayanai) da ba a amfani da shi daga hanyar.

Farosesa irin su Ryzen 5 5600 da Ryzen 5 7600 da Core i5-12400F duk ajin wat 65 ne, kuma waɗanda ake sayarwa a kwalinsu suna zuwa da abin sanyayawarsu. Yana aiki, sai dai da surutu. Lambar 65 ɗin ma ba ita ce ƙarshe ba, 12400F na iya hawa har wat 117 in an sake mata mara. Wanda ke da ɗan rara, hasumiya guda, wato ƙarfen sanyayawa mai tsayuwa tsaye, mai bututun jan ƙarfe huɗu da fanka 120 ta wadatar. Mai hasumiya biyu kamar Peerless Assassin ta fi ƙarfin buƙatar waɗannan farosesoshi. Abin sanyayawa na ruwa mai araha kuwa ba ma son sa wa kowa: famfo ne ƙari da zai iya mutuwa, alhali ta iska in ta lalace fanka kawai za a canja. Kafin saye a duba tsayi. Yawancin hasumiyoyi suna wajen milimita 155, akwai kuma siraran akwatuna da murfinsu ba zai rufu a kansu ba.

Wajen ɗaurawa ne aiki ke ɓaci. A ƙasan sabon ƙarfe akwai leda mai manne, siririya, wani lokaci da ƙyar ake ganinta. In aka bar ta, zafi zai haura digiri 90 da zarar an ɗora wa injin aiki. Man shafawar kuma ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiyar farosesa ya isa, matsi ne zai baza shi. In ƙarfen ya zo da nasa man a shafe, ba a ƙara wani a kai. Ana ɗaure sukurori a gicciye, juyi biyu nan, juyi biyu a kusurwar da ke fuskantarsa, har su tsaya da kansu. Wanda ya ƙure ɗaya kafin ya taɓa sauran ya karkatar da ƙarfen, gefe guda na farosesa ba ya samun taɓawa. Fankar hasumiya ta kasance ta ɓangaren sandunan RAM da ke gefen farosesa tana turawa zuwa baya, layi ɗaya da mai fitarwa.

Cire tsohon ƙarfe a kan soket AM4, mazaunin farosesa irin su Ryzen 5 5600, na da tarkonsa. Busasshen mai yana kama farosesa kamar gam, in aka finciko sama sai ta biyo ƙarfen, ƙafafunta su lanƙwashe. A bar injin ya yi aiki ya ɗumama, a kashe, a murɗa ƙarfen hagu da dama a hankali sannan a ɗaga. Tsohon man a goge shi da sinadarin gogewa na isopropyl da ƙyalle marar gashi.

Wayar fankar farosesa a mashigar da aka rubuta wa CPU_FAN a jikin babban allon kwamfuta take shiga, in ba haka ba wasu allunan sai su tsaya da gargaɗi tun wajen tashi. Mai fil huɗu PWM ce, wato da sigina ake saita gudunta, mai fil uku da ƙarfin wuta ake rage mata gudu, don haka a shiga BIOS, shafin saitin babban allo, a zaɓa wa kowace irin nata. Fankokin da ke shan wuta kai tsaye daga Molex, wayar da ke fitowa daga na'urar ba da wuta, ba su san rage gudu ba, a ƙure suke kullum.

Iyakar zafin 7600 digiri 95 ce, ta 12400F kuma 100. A nan suke rage gudu don kare kansu, abin da mai wasa ke gani a matsayin tsinkewar hoto ke nan. Digiri 70 zuwa 80 a cikin wasa ba abin tayar da hankali ba ne. A tuna kuma duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi kayan ciki ke ƙarawa. Akwatin da fankar na'urar ba shi wuta ke kallon ƙasa kada a ajiye shi a kan kafet, a ɗora shi a kan katako. Matatar gaba a riƙa zare ta ana karkaɗewa, in kuma za a busa ciki da abin hura iska, a danne fuka-fukin kowace fanka da yatsa kada ta yi gudun da ya wuce ƙa'ida ta lalace.