Ruwan da ya dawo da sanyinsa

A shekarata ta farko a tashar da ke raba sanyi ga gine-gine, hankalina duk yana kan manyan injinan sanyaya ruwa. Tsarin ba shi da wuyar bayani. Maimakon kowane gini ya jera nasa na'urorin sanyi, tasha ɗaya ce ke sanyaya ruwa zuwa wajen digiri 5, ta tura shi ta bututun ƙarƙashin ƙasa zuwa ofisoshi da otal-otal da asibitoci. Ruwan ya kwaso zafin ginin, ya dawo da ɗumi, wajen digiri 13, a sake sanyaya shi. Tasha mai kyau ba ta cika cin kilowat ɗaya na lantarki a kan tan ɗaya na sanyi ba (tan shi ne ma'aunin yawan sanyin da inji ke bayarwa), kuma wannan adadin nake ta fafutukar karewa.

Wata rana, ba a ma yi wani zafin kirki ba, sai ga mu muna tayar da ƙarin inji, alhali waɗanda ke aiki da ƙyar suka wuce rabin ƙarfinsu. Na ɗauka wani abu ya lalace. Wani dattijon makaniki ya dube ni ya ce, "Injiniya, bar kallon ruwan da ke fita, duba wanda ke dawowa." Na duba. Digiri 9.

Sanyin da ruwa ke kai wa gini ya rataya ne a kan abu biyu: yawan ruwan, da tazarar da ke tsakanin fitarsa da dawowarsa. Tazarar digiri 8 ta koma 4, ke nan sai an tura ninki biyu na ruwa kafin a kai sanyin da aka saba kaiwa. Famfon da ke tura ruwan kuwa, a lissafi, idan gudunsa ya ninka biyu, wutar da zai ci tana iya kai ninki takwas. Kowane inji yana da iyakar ruwan da zai bi ta cikinsa, shi ya sa muka tayar da wani, tare da nasa famfo da fankar hasumiyar da ke fitar da zafi. Hatta babban tankin da muke tara ruwan sanyi da dare, rabin amfaninsa ya tafi.

Makonnin da suka biyo baya a ɗakunan injin gine-ginen na yi su. Bawul, abin da ke buɗe wa ruwa hanya ko ya rufe ta, ya maƙale a buɗe. Matatar iska ta toshe da ƙura, iskar ba ta ratsa bututun sosai balle ta ba ruwan zafinta. Wani ya saita ɗaki a digiri 16, na'urar ba za ta taɓa kaiwa can ba, don haka bawul ɗin ba ya rufuwa dare da rana. A wani ginin, hanyar ratse, wadda ke mayar da ruwa ba tare da ya bi ta na'urorin ginin ba, ita ce aka buɗe lokacin gwaji aka manta da ita.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne shawo kan masu kula da gine-ginen. Ɗakunansu da sanyi, ba wanda ya kawo musu ƙorafi, to mene ne nasu a ciki? Wasu kamfanoni kan sa tara a yarjejeniya idan ruwa ya dawo da sanyi. Ban ƙi tarar ba, amma na ga takarda ba ta buɗe matatar iska. Sai da na riƙa sauka tare da su, mu wanke, mu gyara bawul, sannan mu tsaya gaban mita muna kallon ma'aunin ruwan dawowa yana hawa, 10, 11, har 12.